Zafi Ma Ana Aronsa

To, ƴan majalisar gindin bishiya na Mallawa, na san halinku. Da an ce zafi dukiya ne, sai wani ya gyara zaman hula ya ce: "In haka ne ai mun fi kowa arziki, a zo watan Afrilu da buhuna a kwasa." Sannu, Alhaji. Ba wanda ke gasa maka ƙeya a hanyar Dungas nake nufi ba.

Akwai masana'antar sinadarai da aikinta kansa ke haifar da zafi, kamar mai yin asid ɗin nan na ruwan batir. Wata kuwa ba ta motsi sai an hura mata wuta. Sai aka haɗa su da bututu: zafin ta farko ya tafasa ruwa, tururin ya bi bututu ya yi wa ta biyu aiki, gas ɗin da za ta ƙona ya huta. A Ludwigshafen ta Jamus, kamfanin BASF na da masana'antu wajen 200 a fili guda, bututunsu ya kai kilomita 2,850. Ka je Yamai ka dawo, bai ƙare ba.

"Wayon Turawa ne, mu ina ruwanmu." Haba, Malam! Wa ke aika yarinya da kasko ta ɗebo garwashi a maƙwabta in magariba ta gabato? Ashana na nan cikin ɗaki, amma Hajiya ta san wutar da ta riga ta kama ta fi arha.

Kuma ba sai kun nemi biza ba. Matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man Agadem take dafawa. Ɗanyen mai ba ya rarrabuwa sai zafinsa ya kai wajen digiri 350. A kowace matata, gazuwal da kananzir masu fitowa da zafi su ke ɗumama wanda ke shigowa, bangon ƙarfe ne kawai tsakaninsu, tanda sai dai ta ƙarasa.

Mai gardamar can na baya da ya ce "to a turo mana tururin zuwa Magarya", zauna. Tururi ba ya tafiya mai nisa, kafin ya iso ya koma ruwa. In mai bayarwa ta tsaya gyara kuma, mai karɓa ta shiga uku, dole ta ajiye tukunyar tururi ta ko-ta-kwana. Nan kam masu shakka kun yi gaskiya, amma kada kai ya kumbura.

Duk ranar da aka zo da zancen kafa masana'antar taki ko ta roba a jihar nan, ku da ba ku rasa bakin magana, ku tambayi masu zanen: kusa da wa za a gina ta, kuma zafin wa za ta ara?