Sababbin Shiga Sassarfa: Kowa da Irin Hakinsa

A ƙasar Hausa babban mutum ba ya gudu haka kawai. In aka hango magidanci mai tumbi ya taho a guje da sassafe, sai an fara leƙa bayansa a ga abin da ya koro shi, kafin a ce, "Alhaji, lafiya?" To amma kujerar ofis da mota da tuwon dare sun yi aikinsu, hawan jini da ciwon suga sun shiga gidaje. Yanzu duk Asabar bayan sallar asuba, filin sukuwa na Kano da dandalin Murtala na Kaduna da bakin tafkin Jabi a Abuja cike suke da masu motsa jiki. Tsofaffin hannu ba su da abin kallo. Sababbin shiga ne ke raya filin, kuma iri-iri ne.

Wanda likita ya koro

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Rabon wannan bawan Allah da ɗaga ƙafa tun sassarfar da ya yi tsakanin korayen fitilun Safa da Marwa, shekarar da ya sauke farali. An auna jininsa, likita ya cire tabarau ya dube shi, shi ke nan. Yana zuwa fili fuska a murtuke, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji, "Wallahi ba don likita ba..." An faɗa masa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, sai ya shiga neman ragi: zuwa masallaci minti huɗu sau biyar a rana, hawa benen shago minti biyu, faɗa da direba minti goma.

Mai kaya

Shi bai yarda a fafe gora ranar tafiya ba. Makonni uku ya yi yana shiri. Ya zagaye 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ya zaɓo kambas mai ruwan lemo, ya haɗa da gorar ruwa, da ɗan tawul, da abin sawa a kunne, da agogon da ke ƙirga taku. A fili zai miƙa ƙafar dama, ya miƙa ta hagu, ya ba wani yaro waya ya ɗauke shi hoto, ya ɗora a WhatsApp da rubutun "Lafiya uwar jiki". Kafin ya gama amsa masu yi masa jinjina rana ta fito. Agogon na neman taku 10,000 a yini, adadin da ya samo asali daga tallan wata na'urar ƙirga taku a Japan cikin shekarun 1960. Mai kaya ya gano cewa in yana zaune a falo yana kaɗa hannu, agogon bai san bambanci ba.

Tsohon ɗan ƙwallo

"Da ka gan ni a 1998! Lamba bakwai nake bugawa, saura ƙiris Kano Pillars su ɗauke ni." Kan nan nasa har yau ɗan shekara ashirin ne, gwiwoyin ne ba a sanar da su ba. Yana isowa sai ya fyalla a guje, ya wuce kowa yana waiwaye. Zagaye ɗaya na filin tsere mita 400 ne. A mita 200 sai ka ga ya dafe haƙarƙari, ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Yana son kawo zancen Eliud Kipchoge, ɗan Kenya da ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Vienna a 2019. Abin da bai lissafa ba shi ne, wannan daidai yake da zagaya filin sau 105, kowane zagaye cikin daƙiƙa 68. Tsamin jiki kuma ba ya zuwa a ranar, sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake tsananta. Ranar Litinin za ka same shi a sahun baya yana salla a zaune, yana cewa sanyi ne ya kama shi.

Mai leda

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, shi ne sanye da rigar sanyi, ƙarƙashinta kuma ya naɗe ciki da leda. A fahimtarsa gumi kitse ne da ya narke. Yana gamawa zai hau ma'auni ya ga kilo ɗaya ya tafi, ya yi kabbara. Daga nan sai ƙishirwa ta taso, ya kwankwaɗi fiyawata biyu, rabin lita kowanne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Abin da ya rage masa riba shi ne jiri da ƙurajen zafi.

Mai ramuwar gayya

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan ya juya maganar: tunda ya ci gudu, dole a kawo zomon. Kilomita biyu yake yi, kuma hanyar tasa kullum a teburin mai shayi take ƙarewa. "Malam, Indomie biyu, ƙwai uku, shayi mai kauri, ka yanko biredi." Mutum mai nauyin kilo 80 yana ƙona kalori kusan 80 a kowace kilomita, ke nan gudun nasa bai wuce 160 ba. Ƙwan nan uku kaɗai sun haura 200, tun ba a zuba mai a kasko ba. Bayan wata biyu yana mamakin yadda wando ya ƙara matsewa, ya yanke hukuncin cewa tumbinsa na gado ne.

Sarkin gobe

Ba a taɓa ganinsa a fili ba, amma ya fi kowa niyya. Da hunturu ƙura ce, tana tayar masa da mura. Da bazara zafi. Da damina taɓo. Azumi ya zo, ai ba a haɗa gudu da ƙishirwa. Bayan ƙaramar Salla sai a bari a gama Sitta Shawwal, bayan babbar Salla kuma a bari naman ya ƙare. "Litinin in Allah Ya kai mu." Allah kuwa Yana ta kai mu.

Mai kunyar idon jama'a

Babban tashin hankalinsa kada surukinsa ko ɗan hayarsa ya gan shi yana haki cikin wandon wasanni. Don haka tun kafin kiran assalatu yake sulalewa. In ya hango wanda ya sani, nan take zai koma tafiyar ƙasaita, ya kara waya a kunne. In ya makara gari ya waye, gaisuwa ce ke cinye atisayen: an tashi lafiya, ya iyali, ya mai jiki, duk bayan taku ashirin. Gudu na haƙiƙa sau ɗaya ya taɓa yi, ranar da karnukan 'yan sintiri suka raka shi har ƙofar gida. Da akwai mai riƙe da agogo a wurin, da an san shi a ƙasa.

Koci ɗan sa kai

Yana zaune a kan benci, tumbinsa ya fi na kowa, yana ba da umarni. "Ɗaga gwiwa! Ta hanci ake numfashi! Kada ka sha ruwa!" Ka ce ya taso a zagaya tare, sai ya ce shi ya wuce wannan matakin.

Tawagar Hajiyoyi

Su biyar ne ko shida, hijabi har ƙasa, kambas na leƙowa. Su yi 'yar sassarfa daga wannan bishiya zuwa waccan, su koma tafiya, bakin kuwa bai tsaya ba: kwasar adashi, ankon bikin wata mai zuwa, kishiyar wance da ta yi yaji. Tsohon ɗan ƙwallo yana wuce su yana murmushin raini. Bai san su ne kaɗai ke bin ƙa'ida ba. Masu horar da gudu sukan ce saurin da ya dace da sabon shiga shi ne wanda zai iya magana a cikinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Tsarin da hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ke ba masu farawa ma haka yake: a makon farko gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa, sau uku a mako, har a kai gudun rabin awa a mako na tara. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma gwiwa da jijiyoyi sai an bi su sannu a hankali.

Bayan wata uku, kambas mai ruwan lemo ya koma na zuwa cefane, mai leda yana jinyar ƙuraje, Sarkin gobe na jiran Litinin. Hajiyoyi kuwa suna nan, bishiya biyu ta zama biyar, ɗaya ma har an ce likita ya yaba da awon jininta. Ba sa fashi, domin ranar da ɗaya ta makara, waya huɗu ce ke tashinta daga barci. Ba tsabar kishin lafiyarta ba ne. Ita ce ke riƙe da ƙarashen labarin jiya.