Wasiƙa ga Amaryata Hajiya Kaka daga Ƙasar Masu Ɗaki Fayau

Zuwa ga uwargida kuma amarya, Hajiya Kaka,

Ya ƙafa, ya sanyi? Ko da yake naku sanyin wasan yara ne. A gaida Kawu da Gwaggo da duk mutanen gida. Auta, ke da za ki karanta mata, ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake layi ko ɗaya don tsoron sandarta.

Saƙonki ya iso. Wai kin ga hoton ɗakina a waya kin yi salati, kin ce ɓarayi sun yi wa mijinki ƙarƙaf, har kina shirin aiko da jaje. Kwantar da hankalinki, ba wanda ya shigar min. Haka ɗakin masu hali yake a Suwidin: bango fari fat, kujera ɗaya, ɗan tebur, fitila a taga, sai wata shuka a lungu wadda ba ta 'ya'ya kuma ba a miya da ganyenta. Abin da a Kano za a gani a ɗakin magidanci a koma gefe ana “Allah sarki”, nan shi ake ɗauka hoto a sa a mujalla. Har akwai masu sana'ar zuwa gidanka su taya ka zubar da kayanka, kai kuma ka biya su. Mu a can ɗan gwangwan ne yake biyanmu.

Hujjarsu ita ce tarkace yana cika ido, in ido ya cika sai kai ya ɗau zafi. Ban ƙi ta tasu gaba ɗaya ba. A watan Disamba a Stockholm rana kusan awa 6 kawai take yi a sama, kafin ƙarfe 3 ta faɗi, don haka farin bango da taga marar labule su ke riƙe ɗan hasken da aka samu. Sannan nan ba jikar da za a ƙwala wa kira. Abin da ka tara, kai za ka goge. Da ke kike goge jerenki da hannunki, ba Auta ba, da tuni kin rage kwalla goma.

Malamar wannan ɗariƙa wata 'yar Japan ce, Marie Kondo, wadda ta fitar da littafi a 2011, daga baya a 2019 Netflix ya yi shiri da ita tana shiga gidajen Amurkawa. Karatunta shi ne ka kwaso duk tufafinka ka jibge a wuri ɗaya, ka riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faranta maka rai ka ajiye, wanda bai faranta ba ka yi masa godiya ka sallame shi. Godiya fa, Hajiya, ga safa mai huji! Na so a kawo ta ɗakinki. Za ta miƙo miki murfin nan da tukunyarsa ta ɓata tun Kawu yana goye, ta tambaye ki ko yana faranta miki rai, ki ce mata sosai ma. Gwangwanayen madarar da kika cika da daddawa da kuka da kanwa, suna faranta rai. Jarkar zamzam ɗin da ba ko ɗigo a ciki, wannan ai ko taɓa ta ba za ki bari ta yi ba. Ledar da ke cike da ledoji kuwa nan za ta nemi hanyar filin jirgi. Ita kanta a 2023, bayan ta haifi na uku, ta fito ta ce gidanta ya hargitse kuma ta sassauta. Uku kacal. Ke da kika yi goma sha, ban da na riƙo, me za ta faɗa miki?

Amma wanda na fi so ki ji na 'yan Suwidin ne, don ya shafe ki kai tsaye. Suna da sharar mutuwa. Ba ta bayan an rasu ba, ta kafin a rasu. Wata tsohuwa, Margareta Magnusson, ta rubuta littafi a kai a 2017, kuma in ana maganar shekarunta sai ta ce tana tsakanin 80 da 100, kin ga lissafinku ɗaya. Shawararta ita ce tsoho ya rage kayansa tun da sauran ƙarfinsa, don kada ya bar wa magada wahalar kwashewa. A fara da manyan kaya da tufafi, a bar hotuna da wasiƙu sai ƙarshe, don in an fara da su zama za a yi ana tuna baya har dare ya yi. Abin da ke da amfani a ba dangi hannu da hannu. Abin sirri kuma a zuba a akwati ɗaya, a rubuta a kai cewa a zubar kawai.

Nan na yi dariya har maƙwabcina ya leƙo. A gidanmu akwatin da aka ce kada a buɗe, shi za a fara ɓallewa tun kafin sadakar uku. Kuma wace wahalar kwashewa? Adakar da ke ƙarƙashin gadonki mai rumfa, Gwaggo ta san turmin atamfa nawa ne a ciki, ta fi ki sani. Tasoshin nan na saman jere kowace da mai jiranta. Su nan 'ya'ya tsoron gadon tarkace suke, mu kuwa ko cokali sai an kira malam ya raba. Allah dai ya ja kwana, ba korar ki nake ba, ban gama tara kuɗin kishiya ba tukuna.

To bari in tona musu asiri. Na daɗe ina mamakin inda kayansu suke, sai da aka ba ni makullin ƙarƙashin bene. Kowane gida da rumbunsa a can ƙasa, an kewaye da waya kamar akurkin kaji, kuma cike suke maƙil: kekuna, katifu, takalman ƙanƙara, kwalaye a kan kwalaye. Ashe jere suke yi su ma, nasu dai a ɓoye yake. Ranar Asabar kuma, mutumin da ya zubar da kaya ranar Juma'a za ki gan shi a IKEA yana tura amalanke. Wannan kanti nasu ne, Ingvar Kamprad ya kafa shi a 1943 yana ɗan shekara 17, kuma duk arzikinsa an san shi da sa kayan gwanjo. Kabad a kwali suke sayar maka, da ɗan ƙarfen ɗauri da takardar zane, kai ne kafinta. Ka shiga neman kwalin da za ka rage kaya, ka fito da kyandir da matashin kai da kwanon da ba ka da abin zubawa a ciki. A garin Eskilstuna ma akwai kasuwa sukutum, ReTuna, da aka buɗe a 2015, galibin abin da ake sayarwa abin da wasu suka yar ne aka gyara. Tufafin da Turawa ke bayarwa kuma wani kaso jirgin ruwa yake hawa zuwa Afirka. In Kawu ya ga wata rigar sanyi mai ruwan toka a Ƙofar Wambai, aljihun hagu a yage, kada ya taya da tsada, tawa ce.

Ɗakin fayau yana da daɗin barci, wannan gaskiya ce. Shara minti biyar, makulli ba ya ɓata. Sai dai an tsara shi ne don gidan da ba a faɗo masa. Nan baƙo sai ya sa rana tun mako biyu, an san kujerarsa, an san farantinsa. Da Sallah na ce wa 'yan uwa biyu su zo cin tuwo, sai ga Kanawa da Zazzagawa da mutanen Damagaram, kowa ya jawo wani. Faranti ya ƙare, aka koma murfin tukunya, wani bawan Allah a kofin shayi ya sha miyar kuka. Da dare maƙwabcin nan nawa ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, cikin ladabi, yana tambaya ko lafiya.

Saboda haka ga buƙatata. Tunda Bature ya ce a raba tun ana raye, ki fara da mijinki. Fantekar nan babba mai jan fure da langa biyu nake so, ki cusa musu kuka da yaji da daddawa don kada su taho da ciki wayam, a ba duk wanda zai taso. Kada ki bari Gwaggo ta ji sai kaya sun bar gari. Auta, wannan layin ki yi ƙasa da murya.

Naki har kullum,
Angonki na Turai