Ƙungiyar Masu Duban Hadari ta Mai Wurno

A Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, akwai ƙungiyar masana yanayi marar rajista, marar ma'aji. Ofishinta gindin darbejiya ne bayan la'asar. Kuɗin shiga kuwa furfura, tabarma, da gwiwa mai tsami idan hadari ya haɗo. Aikinsu ƙirga taurarin damina, su Nasra da Ɗarfa, kowanne kwana 13, sai gardama kan wanda zai zubo ruwa. Madatsar Sinnar tana shayar da gonakin Jazira tun 1925, amma su sama suke kallo.

Ranar da baki ya zo ɗaya cewa yau sai ruwa, guguwar habub ta taso, ta cika musu shayi da ƙura. Shugaba ya tofar, ya ce, "Malamai, gwiwar hagu ce mai ruwa. Yau ta dama ke ciwo."