Kowa da Italiyarsa

Mu goma sha ɗaya muka sauka a birnin Rum cikin watan Yuli, da akwatuna goma sha bakwai da fulas ɗin Goggo. Na yi zaton ƙasa ɗaya za mu gani. Ashe kowa da tasa Italiyar ya taho da ita daga gida. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, abin da bai faɗa ba shi ne hali ba ya biyan kuɗin kaya a jirgi, kyauta yake bin mai shi.

Shugaban tawaga shi ne Mai Lissafi, sarautar da Baba ke riƙe da ita tun kafin a haife mu. Ba ya kallon abu sai ya ji kuɗinsa. In ya ji kuɗin sai ya mayar da shi naira, nairar kuma ya mayar da ita buhun masara. A Fulorans aka kawo mana takardar kuɗin abinci, ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, ya tarar da wata kalma, coperto, an lissafa ta sau goma sha ɗaya. Ya tambayi wanda ya ci coperto a cikinmu. Aka yi masa bayani cewa ba abinci ba ne, kuɗin zama a tebur ne. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "To gobe a tsaye za mu ci."

Abin da ya fi burge shi a duk birnin Rum ba gini ba ne, famfo ne. Akwai wasu famfunan ƙarfe a gefen titi, sun haura dubu biyu, Rumawa na ce musu nasoni, wato manyan hanci, ruwa mai sanyi na zuba daga cikinsu dare da rana kyauta. Tun da ya gano su ya haramta sayen ruwan gora. Sai dai abu ɗaya ya hana shi sakat: ba su da marufi, kuma ba wanda aka hukunta a kan haka. A Benis kuwa, da aka ce masa shiga gondola yuro 90 ne na rabin awa, kuma mutum biyar kawai take ɗauka, sai ya ƙirga mu da yatsa, ya ga kwalekwale uku ke nan, yuro 270. Ya ce a Yawuri da wannan kuɗin kwalekwalen za a sayar maka har da matuƙin. Bai huta ba sai da ya binciko traghetto, irin wannan kwalekwalen dai, mai tsallakar da mutane babban mashigin ruwan birnin a kan yuro 2. Minti biyu muka yi a kan ruwa. Da muka sauka ya dube mu ya ce, "Kun shiga ko ba ku shiga ba?"

Mai Jadawali ita ce Yaya, babbar gidanmu. Ita ta sayi duk tikitoci ta intanet tun wata biyu kafin tafiya, ta buga su, ta zuba a jakar roba mai launi-launi. Matsalarta ɗaya, ta haɗa agogon Turawa da mutanen da alƙawarinsu shi ne "bayan la'asar". Jirgin ƙasan da ke zuwa Fulorans daga Rum cikin awa ɗaya da rabi ba motar tasha ba ce da za ta jira ta cika, kuma bai san wani Alhaji na alwala ba. Yaya ta rame a kwana goma. Ita ce ta sa muka hau ƙubbar babban cocin Fulorans, matakala 463, ba na'urar hawa, a wani lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai sun gaisa. A matakala ta ɗari biyu Baffa ya yi wasiyya.

Sai Mai Tukunya. Goggo ba ta yarda akwai abinci a wajen Najeriya ba, ta yarda dai akwai abubuwan da mutane ke ci. Tun a jirgi aka gaya mata dokar Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi ya shiga da nama ko madara. Ba ta yi gardama ba, ta kwance ƙunshin kilishinta ta bi mu da shi kujera-kujera, har da wani Bature da ke gefenta, wanda ya sauka yana share hawaye yana godiya. Kuka da daddawa da yaji kuwa suka shiga lafiya.

Ranar da aka ajiye mata taliya a ƙasar taliya, ta tauna sau ɗaya ta ajiye cokali ta ce ba ta dahu ba. Aka ce haka suke son ta, da ɗan tauri a haƙori. Ta ce to gas ne ya yi musu tsada. Da ta ji cewa carbonara, abincin da Rumawa ke alfahari da shi, da naman kumatun alade ake yin sa, sai ta haddace kalma biyu na Italiyanci, senza maiale, wato ban da alade, ta riƙa faɗa wa kowa, har mai askirim da mai sayar da tikitin bas. Hankalinta bai kwanta ba sai da muka kai ta kasuwar Eskwilino, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini, inda ta ga doya da kuɓewa da attarugu da mahauta masu yankan halal. Daren nan miyar kuka ta tashi a gidan da muka kama haya. Ƙamshin daddawa ya bi matakala har hawa na huɗu, maƙwabta suka fito suna dube-dube, da alama suna zargin bututu ne ya fashe. Ni dai ba na cikin masu yi wa Goggo dariya da ƙarfi, don sau biyu na ƙara.

Malam Na-sani kowane gida na da shi, namu Kawu ne, tsohon malamin sakandare. Abin haushi game da Kawu shi ne yawanci gaskiya yake faɗa. A Kolosiyum ya riga ɗan jagora cewa an buɗe shi a shekara ta 80 Miladiyya a zamanin sarki Titus, kuma yana ɗaukar 'yan kallo wajen dubu hamsin. A Fantiyon ya tsayar da mu ƙarƙashin ƙofar da ke tsakiyar ƙubba, mai faɗin kusan mita tara, ya nuna mana ƙananan ramukan da ke daɓe inda ruwan sama ke bi ya fita. Ɗan jagora ya fara da murmushi, ya koma gyaran murya, daga ƙarshe ya miƙa wuya ya bi bayan Kawu kamar ɗalibi. Wasu 'yan Koriya ma suka bar nasu ayarin suka shigo namu. Da dare kuma, lokacin da kowa ke neman inda zai miƙe ƙafa, sai ya buɗe sabon darasi a kan asalin sunan taliya.

Kishiyar Kawu shi ne Baffa, mai taken "muna da shi a gida". Ya tsaya gaban Kolosiyum ya riƙe ƙugu ya ce, "Yanzu kuɗi muka biya mu kalli kango?" A Fisa, da ya ga hasumiyar nan mai karkata, ya yanke hukunci nan take cewa magini ne ya ci amana. Kawu ya yi bayani cewa ƙasar wurin ce mai taushi, an fara ginin a 1173, ya ɗauki kusan shekara ɗari biyu, kuma daga 1990 zuwa 2001 an rufe ta ana kwashe ƙasa daga ƙarƙashin ɓangare ɗaya don ta ɗan miƙe. Baffa ya ce Gobarau ta Katsina da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye ƙyam ba ta jingina da kowa ba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Sai dai na tambaye shi yaushe rabonsa da Gobarau, ya ce ai tana nan, ba inda za ta. Shekararsa sittin da wani abu bai taɓa hawanta ba. Haka muke cewa ganuwar Kano tana nan, alhali kowace shekara sai ta ƙara gajarta, su kuwa waɗannan mutanen kangonsu ne ke ciyar da su.

Wadda ta fi kowa shan wahala ita ce Mai Kunya, wato Inna. Ba wanda ya gargaɗe ta cewa mutanen da na Italiya sun ƙware a sassaƙa jikin mutum amma sun yi rowar yadi. Muka bi layi a Fulorans don ganin mutum-mutumin nan da ake kira Dabid, wanda Mikelanjelo ya sassaƙa tsakanin 1501 da 1504, tsayinsa ya haura mita biyar, ba ko ɗan bante. Inna ta ɗaga kai sau ɗaya, ta yi a'uziyya, ta lulluɓe fuskar Auta da mayafi, sannan ta shafe minti ashirin tana nazarin daɓen ɗakin. Ga ƙanin mijinta a baya. Da muka fito muka bi ta dandalin Sinyoriya, sai ga kwafinsa tsaye a fili, girma ɗaya, tsiraici ɗaya. Inna ta sake a'uziyya. Baba kuwa abin da ya dame shi daban: ga shi kyauta a waje, mu muka biya.

Amma Inna ta rama a Batikan. A can ba a shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe, masu gadi na mayar da mutane daga bakin ƙofa, 'yan mata na ta rububin sayen ɗan ƙyalle su yafa. Ta ratsa su da hijabinta har ƙasa, tana tafiyar ƙasaita, ta ce, "Ashe dai sun san daidai."

Mai Hoto, ƙanwarmu, ba ta ga Italiya ba sai da muka dawo gida ta buɗe wayarta. Duk wani ginin tarihi bayanta ya gani, bai ga fuskarta ba. A Fisa ta sa ni durƙuso a rana har sai tafin hannunta ya yi daidai da jikin hasumiya, tare da ɗaruruwan mutane da ke tura iska kamar masu rawar da ba kiɗa. A Matakalar Sifaniya da ke birnin Rum ta shimfiɗa gyale za ta zauna, ɗan sanda ya busa usur, don tun 2019 aka hana zama a wurin, tarar kuma daga yuro 250 take farawa. Jin adadin, Baba da kansa ya ɗaga ta. Ranar baƙin cikinta ita ce ta ɗakin ibada na Sistin, inda aka hana ɗaukar hoto. Dole ta ɗaga kai ta kalli rufin da idonta, ta fito tana cewa wuyanta ciwo yake.

Anti kuwa kasuwa ta zo, tarihi tsautsayi ne. A gadar Fonte Bekiyo ta Fulorans, wadda maƙeran zinariya suka gaje ta tun da aka kori mahauta daga kanta a 1593, ta leƙa shago ɗaya bayan ɗaya tana taɓe baki: gwal ɗinsu karat 18 ne, aiki mai kyau, amma ranar sayarwa ba zai kama ƙafar ɗan Saudiyya mai 21 ba. A kasuwar fata ta San Loranzo ta ɗauki wata jar jaka ta shinshina, ta tuna mana cewa majemun Sharaɗa da Challawa a Kano Italiya suke tura fata. Ta ce, "Wannan ai akuyarmu ce ta zo ta yi digiri." Ta taya rabin kuɗi. Mai shago ya dafe ƙirji, ta juya za ta tafi, ya kira ta. A nan ne kawai na ga al'adun ƙasashen biyu sun fahimci juna ba tafinta.

Akwai kuma ɗan Yaya, matashi mai abin ji a kunne, wanda a ko'ina tambayarsa ɗaya ce, lambar Wi-Fi. Mun ɗauke shi kaya ne cikin kaya, sai ga shi ya fi kowa amfani. Da zarar mai kawo abinci ya ji daga Najeriya muke sai ya ce "Osimhen!", don mutumin ne ya jagoranci Napoli ta ci kofin Seriya A a 2023 bayan shekara 33. Daga nan sai hira ta ɓarke tsakaninsu da hannu da sunayen 'yan wasa, mu kuma mu samu tebur mai inuwa.

Wuri ɗaya ne ba a yi gardama ba, babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, inda muka yi Juma'a. Kawu ya samu tarihi, Mai Hoto ta samu ginshiƙai, Baffa ya yarda ya yi kyau duk da cewa muna da shi a gida, Baba kuma ya lura ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya cikin jadawali kuma ba a tambayarsa ra'ayi: Mai Ɗaukar Kaya. Ni ke nan. Benis ba mota, gadoji kuwa sun haura ɗari huɗu, kusan kowace da matakala, na kuma san su ɗaya-ɗaya ta hanyar akwatin Anti, wanda ya tafi da nauyin ɗan akuya ya dawo da na ɗan maraƙi. Da muka dawo gida Mai Hoto ta tura hotuna sama da dubu a zauren WhatsApp na dangi. Na zauna na bi su har tsakar dare ina neman kaina. Na samu a guda ɗaya, gaban maɓuɓɓugar Tirebi, can gefen hagu: gwiwar hannuna ce, rataye da fulas ɗin Goggo.