Yadda Za Ka Sa Wa Hilux Ɗinka Famfon da Ya Fi Ƙarfinta

Fara da taya. Tun 1968 kamfanin Toyota yake ƙera Hilux, kuma injiniyoyinsa sun auna famfon sitiyarinta daidai da tayar da suka ɗaura mata. To amma su a Japan suke, ba su taɓa kafewa a rairayin bayan Batsari ba. Kai da ka kafe har sau biyu ai ka fi su sani. Nemi tayoyi masu faɗi, masu kaushi kamar gadon bayan kada, ka ɗaura. Da safe ka tayar da mota, inji yana silo, ka gwada karya kwana a ƙofar gida. Idan sitiyarin ya yi tauri har kafaɗarka ta amsa, lokacin zuwa gareji a Ƙofar Kaura ya yi.

Kafin ka fita, kada ka kuskura ka leƙa ɗan tankin man sitiyari. Kada ka taɓa fambel ka ji ko ya saki, kada kuma ka tsaya wurin mai faci ya auna iskar taya. Yawancin taurin sitiyari daga waɗannan ukun yake, sai dai gyaransu ya yi araha da yawa, ba abin da za ka ba da labarinsa a majalisa.

Da ka isa gareji, bakanike zai buɗe bonet, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Alhaji, famfon nan ya gaji." Kai kuma ka ce, "Oga, a sa min babba, irin na Land Cruiser." Zai ɗan yi shiru, ya goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Zai shiga, Alhaji, amma da 'yar dabara." Riƙe kalmar nan da kyau, domin ita za ta cinye maka sati. Ma'anarta a kira mai walda ya yanka mazaunin famfo ya ƙara masa ƙarfe, a huda sabon rami, a cusa wasa biyu ko uku a bayan noti. Idan fulin sabon famfo bai tsaya a layi ɗaya da sauran ba, fambel zai riƙa ƙara kullum da asuba, maƙwabta su daina saita agogo.

Famfon kuwa ɗan Beljiyam za a ce maka, ko da daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko shi cikin buhun siminti. Mai kawo shi zai toshe bakinsa da babban yatsa, ya juya fulin da ɗaya hannun, ya ce, "Ka ji yadda yake tsotsa?" Ka ce ka ji. Ni ma haka na ce.

Ga abin da ba wanda zai tsaya ya faɗa maka. Aiki biyu famfo yake yi: yawan man da yake turawa shi ke sa sitiyari ya amsa da sauri, ƙarfin matsin man kuma shi ke juya taya mai nauyi. A cikinsa akwai ɗan bawul da ke mayar da rarar mai baya idan ya yi yawa. Babban famfo rararsa da yawa, man kuma duk zagayen banza da ya yi zafi yake ɗauka. Haɗa wannan da ranar watan Afrilu a Katsina, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Masu yin aikin da gaske suna ƙara ɗan lagireton sanyaya mai, su sa tanki mai girma, su canza tiyo zuwa wanda zai jure matsi. Kai bar su da ɓarnar kuɗinsu. Tsohon tiyon da ya shekara goma yana shan zafin inji ai ya saba da wahala.

Kauran da ke cikin sunan Ƙofar Kaura dai sarautar jagoran mayaƙa ce a Katsina, kuma mahayan zamanin da sun san idan ka tsananta linzami, bakin dokin ne zai tsage. A mota, bakin dokin shi ne sil na cikin rak da kawunan tayarod. Ƙarfin da ka ƙara ba ɓacewa zai yi ba, zai bi layi yana neman wanda ya fi rauni.

Batun mai, Toyota jan man giya na ATF ta ce a zuba. In wani a gefe ya ce man birki ma yana yi, ka ba shi hannu ku gaisa, domin shi ne zai kumbura maka duk robar da ke ciki cikin kwanaki kaɗan. Sai fitar da iska. Ƙa'idarta a ɗaga gaban mota da jak, inji a kashe, yaron gareji ya yi ta juya sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama yana ƙara mai, har ƙwayoyin iska su daina tasowa. Abin yana cin lokaci, kai kuma ana jiranka wurin ɗaurin aure. Ka ce a tayar kawai. Leƙa tankin ka gani: jan man nan ya koma kumfa, kamar zoɓon da aka kaɗa da madara, famfon yana gurnani duk sanda ka taɓa sitiyari. Bakanike zai ce, "Zai washe a hanya, Alhaji."

Gwaji kuma ka bi ta gadar ƙasa ta Ƙofar Kaura, wadda aka buɗe a 2023, ka miƙe hanyar Kano. Da ɗan yatsa ɗaya za ka riƙa juya motar. Daɗin kenan. Sai dai kada ka yi atishawa kana gudu, don za ka buɗe ido ka gan ka a hannun masu tahowa. Idan ka shiga rairayi, murɗe sitiyarin har ƙarshe ka danne shi a nan. A lokacin ne matsi ke kai maƙura, man ya tafasa da wuri.

Nawa tiyon a hanyar Jibiya ya fashe, da la'asar sakaliya. Jan mai ya wanke ƙasan motar yana ɗiga a kwalta, wani dattijo a kan keke ya tsaya ya ce, "Ɗana, akuyar wa ka take?" Na dawo gari ina kokawa da sitiyarin da ya fi na da tauri ninki biyu, ga manyan tayoyi.

Saboda haka, kada ka bar tsohon famfonka a gareji, ko an ce maka ya mutu. Jefa shi a bayan mota tare da galan na mai. Nawa ya koma mazauninsa, tayoyin ma na mayar da na asali. Babban yana nan a zaure yana tokare ƙofa. Mai so ya zo mu daidaita, ɗan Beljiyam ne, wata uku kacal ya yi aiki.