Ranar da Na Yi Siki a Gulbin Maradi

Duk mai ɗan'uwa a Turai ya san yadda tsaraba ke isowa Maradi. A cikin tsohuwar mota take zuwa, bayan an cusa mata firji da katifa da takalman gwanjo, an ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Lome ko Kwatano. A irin wannan motar ce yayana, ɗan baffana mai aiki a wani otel a Shamoni, can gindin dutsen Mont Blanc na Faransa, ya aiko mana da kaya garinmu Sarkin Yamma. Inna ta sami bargo, Baffa ya sami rediyo, ni kuma aka miƙo mini wasu alluna biyu da suka fi ni tsawo, kai da gindi duk a lanƙwashe sama, da takalman roba masu tauri.

Baffa ya ce ƙyauren rumbun Turawa ne. Inna ta ce ta sami wurin shanya kuɓewa. Maƙerin unguwa ya shafa gefensu ya ji ƙarfe mai kaifi, ya fara lissafin lauje nawa za su fitar.

Da dare saƙon murya ya shigo. "Ƙanena, siki ke nan, abin zamiya a kan dusar ƙanƙara. Kuma na gwanaye ne, masu barin hanyar da aka share su faɗa inda ba wanda ya taka. Auna tsakiyarsa ka gani." Na ari awon tela na auna, santimita 11 da ɗoriya. Ya ce na shararriyar hanya ba ya wuce 7 ko 8, faɗin nan shi ke hana mutum nutsewa cikin ƙanƙara mai laushi. Lanƙwasar kuwa, wani gwani mai suna Shane McConkey ne ya kwaikwayo ta daga allon da jirgin inji ke ja a kan ruwa, irinsa ya fito kasuwa a 2002. Ya ƙara da cewa gindin da ya ɗaga yana ba mutum damar tafiya da baya yadda yake tafiya da gaba. Wannan bayani da kunne ɗaya na saurare shi.

Na kwana ina lissafi. A Shamoni aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, allunan kuwa daga can suke, wato suna da asali. Lamine Guèye, ɗan Senegal, ya yi siki a gasar Sarayebo a 1984, kuma ba a ƙanƙara aka yanke masa cibiya ba. A Namibiya, kusa da Swakopmund, kan tudun yashi ake zamiyar. Mu kuwa yashi Allah Ya hore mana: da zarar damina ta wuce, Gulbin Maradi ya ƙafe, ga gaɓa mai gangara, ga rairayi mai laushi. Watan Janairu ne, hunturu na kaɗawa, kowa na jin ɗumi a bakin wuta. Na ce rabin sharaɗi ya cika.

Takalman nan maɓallan ƙarfe huɗu gare su, in ka ɗaure idon sawu ya yi sallama da motsi. Haka na taka daga gida zuwa gulbi kamar wanda aka sa wa mari, yara na biye da ni, mata na leƙowa ta kan danga suna tambayar laifin da na yi.

A bakin gaɓa na taka allunan, ƙarfen ya kama takalmi ƙas. Na riƙe karan dawa biyu a madadin sanduna, na durƙusa yadda na gani a bidiyo, na yi bisimilla da ƙarfi, na rufe ido. Da na buɗe, ina nan inda nake, wani yaro na tsaye a gabana yana cin rogo.

Mushen lakwal ɗinmu, wanda ya bar ɗalibai ya zo kallo, ya gyara tabarau ya ce ai dole. A kan ƙanƙara, gogayyar allo ce ke narkar da ɗan ruwa siriri wanda mutum ke sulɓi a kai, yashi kuwa ba ya narkewa, cizo yake yi. Turawa ma kaki suke shafa wa cikin allon. Kaki dai babu, amma ƙasar Maradi ba a yi mata gorin gyaɗa. Wata mai ƙuli-ƙuli ta ba da kwalbar mai bashi, muka shafe allunan tas. Yashi ya manne, nauyi ya ƙaru, tururuwa suka sami walima.

Mushe bai karaya ba. Ya ce a gasar 1928 a St. Moritz ta Suwizalan an nuna wasan da dawaki ke jan masu siki. Dokin sukuwa bai samu ba, sai bijimin amalanken maƙwabcinmu, dabba mai haƙuri da ba a taɓa ganin ta da sauri ba ko kasuwa na ci da wuta. Aka ɗaura masa igiya, na naɗe ɗaya bakin a hannu. Sai wani ɗan kabu-kabu, don taya ni murna, ya danna oda a daidai kunnensa.

Gaskiya ɗaya ce, kayan nan ba sa wasa da aikinsu. Muna dira cikin gulbi faɗin nan ya ɗauke ni bisa rairayi, iska na bugun fuskata, har na fara tunanin wace tuta zan riƙe in an kira Nijar. Nan bijimi ya yi kwana. Igiya ta murɗe ni, na juya, lanƙwasasshen gindin nan ya kama aikin da aka ƙera shi dominsa. Sai ga ni ina gudu da baya, fuskata na kallon jama'a, jama'a na ƙanƙancewa, wasu har suna ɗaga mini hannu don sun zaci gwaninta ce.

Na ratsa karangiya da baya, na fasa darni da baya, na shiga garkar zogale da baya. Garinmu kuwa da zogale aka san shi, kowane reshe kuɗin cefane ne a kasuwar Maradi. Ƙarfen da ke riƙe takalmi an yi shi ne ya saki mutum in ya faɗi, gwargwadon nauyin da aka ɗaure masa. Mai allunan na farko da alama ƙato ne, don ni ko gezau bai sake ni ba. Na kwanta rigingine, ƙafafu a sama, alluna a gicciye, ganye na zubo mini.

Mai garkar, dattijo ne, ya ajiye gugarsa ya tako a hankali.

"Sannu, ɗana. Daga ina?"

"Daga gaɓa, Baba."

"Madalla. Gobe in za ka dawo, ƙofar tana gabas."

A gaban mai gari aka yi shari'ar. Na kawo hujjar cewa laifin na bijimi ne, ko na mai oda, ko na mushe. Mai gari ya tambaya ko bijimin ya shiga garka. Shaidu suka ce a'a, zagayewa ya yi, yana da tarbiyya. Aka yanke mini jika biyar da gyaran darni, mai ƙuli-ƙuli kuma na bakin zaure tana jiran kuɗin manta.

Ina kwance rub da ciki, Inna na cire mini karangiya, na aika wa yayana tambayar da ta rage: "Yaya, wai yaya ake tsayawa?"

Sai da ya gama dariya ya ce, "Wallahi ƙanena ban sani ba. Ni a kicin nake, kwanuka nake wankewa, dutsen ma ta taga nake hangensa. Wani baƙo ne ya bar su, na ce ka yi kanta da su a shago. Amma tunda ka hau, turo mini bidiyon in nuna wa abokan aiki."

Ban tura ba. Kafin ya rufe baki ƴan gari sun riga sun jefa shi a rukuninsu na WhatsApp, an ɗora masa kiɗan kalangu.