Falon Ne Ba Shi da Lafiya

Kuɗin da na zuba a amfilifaya Marantz da lasifikokin KEF guda biyu, duk da na hannu ne, sun isa a sayi saniya. Amma da na kunna, sai kiɗan ya riƙa fitowa kamar daga ƙasan rijiya. Mai gyaran da na kira bai ko taɓa waya ba. Tafi ɗaya ya yi a tsakiyar falo, muka ji bango ya amsa, ya ce, "Alhaji, kayanka garau suke. Falon ne ba shi da lafiya."

Ya bar mini sharuɗɗa. A janye lasifika daga bango, don bango da kusurwa kumbura bes suke yi. Tazarar da ke tsakanin lasifikokin ta zama daidai da tazarar kowacce zuwa kujerata, a ɗan karkato su su dube ni, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti kuma ya zo saitin kunne. Na ari tef ɗin ɗinkin uwargida na auna mita 2 da rabi ta kowane ɓangare. Kujerar ta faɗo daram a kan hanyar kicin.

Sai aikin madubi. Ina zaune, ɗana Abba yana jan madubi a jikin bango, duk inda na hango lasifika a ciki, nan sauti ke bugawa ya dawo, nan za a rataya abu mai kauri. Wuri na farko ya faɗa kan hoton aurenmu. Muka sauke shi muka kafa bargo. Tayil muka rufe da darduma, kabad ɗin tangaran da ke karkarwa muka cusa masa safa tsakanin faranti da faranti.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Abba, tashi za mu yi daga gidan ne ba a gaya mini ba?"

Ana haka bes ya ɓace ɗungurungum. Na sauke barguna, na mayar, na tsine wa wanda ya sayar mini. Ashe Abba ne, garin taimako, ya sa jar waya a baƙin gurbi a lasifika ɗaya, ɗaya na turo iska ɗaya na janyewa, suna kashe juna.

Da komai ya daidaita na gayyato aminina Malam Sani. Na kashe fanka saboda ƙugi, na zare firji saboda gurnani, ga shi watan Afrilu. Na zaunar da shi na ce kada ya motsa kai. Gumi na tsiyaya a gemunsa, kalangu ya shigo ta hagu tsaf, mawaƙi na shirin buɗe baki a tsakiya, aka ɗauke wuta. Maƙwabci ya tayar da janareto. Malam Sani ya zaro wayarsa ya kunna waƙar nan dai, ya ce, "Ai wannan ma ana ji."

Firjin kuwa babu wanda ya tuna da shi sai washegari, da naman miya ya sanar da kansa.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Hoton aure ya koma mazauninsa, lasifikoki suka koma jikin bango. Yanzu ta hagu an ɗora mata tukunyar fure, ta dama kuwa a kanta ake ajiye filas ɗin shayi.